Daidaiton hukunci kan ƙeta a wasan zari-ruga na Lig

Daidaiton hukunci kan ƙeta a wasan zari-ruga na Lig muhawara ce da aka daɗe ana yi a ƙasashen Ostiraliya da Ingila, inda wasan ya fi karɓuwa, a kan ko alƙalan wasa da kwamitocin ladabtarwa suna yanke hukunci iri ɗaya ga laifi iri ɗaya. Masu horarwa da 'yan wasa da 'yan jarida da magoya baya sukan yi ƙorafin cewa ɗan wasa zai bugi kan abokin karawarsa a wannan mako a kore shi daga fili, wani kuma ya yi kwatankwacin haka a mako na gaba a ci shi tara kawai. Hukumomin da ke kula da wasan, wato NRL a Ostiraliya da RFL a Ingila, suna amsawa da cewa karo biyu ba sa taɓa zama ɗaya sak, kuma aikinsu shi ne bin ma'auni guda ko da sakamakon ya bambanta.

Batun ya shafi abubuwa masu nauyi. Hukuncin dakatarwa ya hana manyan 'yan wasa buga wasan ƙarshe na cin kofi. Haka kuma horon da ake yi kan bugun kai shi ne babban makamin hukumomi wajen rage raunin ƙwaƙwalwa, a daidai lokacin da tsofaffin 'yan wasa ke kai ƙara kotu saboda irin wannan rauni.

Yadda wasan yake

Zari-ruga na Lig ya samo asali ne a ranar 29 ga watan Agusta, 1895, lokacin da wasu ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar. Saɓanin ya taso ne kan biyan 'yan wasa, waɗanda akasarinsu ma'aikatan masana'antu ne da mahaƙan kwal, diyyar lokacin aikin da suke rasawa saboda wasa. Daga baya wasan ya isa Ostiraliya, inda aka fara gasa a birnin Sydney a shekarar 1908. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 13, saɓanin 15 da ake da su a ɗaya nau'in zari-rugan da ake kira Yuniyan, kuma ana buga shi tsawon minti 80. Manyan gasanninsa a yau su ne NRL, wadda aka kafa a shekarar 1998, da Super League, wadda aka fara a shekarar 1996 tsakanin ƙungiyoyin Ingila da Faransa.

Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama sau shida kafin ta koma hannun abokan karawa, kuma kowace dama tana ƙarewa ne da kamu, wato tsayar da mai ɗauke da ƙwallo ko kayar da shi ƙasa. Saboda haka ana yin ɗaruruwan kamu a wasa guda, sau da yawa mutum biyu ko uku a kan mutum ɗaya, kowa cikin gudu. Tsakanin kamun da doka ta yarda da shi a ƙirji da haramtaccen bugu a haɓa, tazarar ba ta wuce tafin hannu ba, kuma mai ɗauke da ƙwallo na iya sunkuyawa ko ya zame a daƙiƙar ƙarshe. Daga nan wahalar hukunci take farawa.

Ire-iren ƙeta

Laifin da ya fi yawa shi ne kamun sama, wato taɓa kai ko wuyan abokin karawa. Dokokin wasan sun saba raba shi gida uku gwargwadon halin mai laifin: na sakaci, na ganganci, da wanda aka yi da niyya. Akwai bangaza da kafaɗa ba tare da kai hannu don rungumar mutum ba, wadda aka haramta a Ostiraliya da Ingila daga kakar 2013. Akwai jifa mai haɗari, inda ake ɗaga ɗan wasa har kansa ya yi ƙasa da ƙugunsa sannan a doka shi. Akwai kuma dabarun da suka shigo daga kokawa, kamar shaƙe wuya, da murɗe hannu, da danne kai ya lanƙwashe zuwa ƙirji, da faɗawa da nauyin ƙugu a kan ƙafafun mutum ta baya. Sauran sun haɗa da naushi, cizo, tsokane ido da sa ƙafa.

Jerin laifuffukan yana ƙaruwa da zamani. Duk lokacin da aka toshe wata dabara, masu horarwa sukan nemo wata hanyar jinkirta mai ɗauke da ƙwallo, sai hukuma ta biyo baya da sabuwar fassara. Wannan ya sa abin da aka bari a wata shekara yakan zama laifin dakatarwa bayan 'yan shekaru.

Matakan hukunci

Ana duba laifi guda a matakai uku, kuma mutanen da ke kowane mataki daban suke.

Mataki na farko shi ne cikin fili. Alƙalin wasa na iya ba da bugun laifi, ko ya fitar da ɗan wasa na minti goma, ko ya kore shi gaba ɗaya ƙungiyarsa ta ƙarasa wasan da mutum 12. A Ingila ana nuna katin gargaɗi da jan kati kamar a ƙwallon ƙafa, a NRL kuwa alƙali yana ɗaga yatsu goma ne ko ya nuna hanyar fita. Yana kuma iya sanya laifin cikin rahoto domin a duba bayan wasa. Alƙalin bidiyo yana taimaka masa. Super League ta fara amfani da bidiyo tun shekarar 1996, NRL kuma ta buɗe cibiyarta guda da ake kira Bunker a birnin Sydney a shekarar 2016.

Mataki na biyu shi ne kwamitin bitar wasa, wanda yawanci tsofaffin 'yan wasa ne a cikinsa. Yana kallon bidiyon kowane wasa, ya tuhumi wanda ya ga ya yi laifi, ya kuma ajiye laifin a wani aji gwargwadon ƙarfin bugun, da haɗarin rauni, da girman sakacin. Kwamitin na iya tuhumar wanda alƙali bai hukunta ba, yana kuma iya barin wanda aka kora daga fili ba tare da tuhuma ba.

Mataki na uku shi ne kwamitin shari'a. Ɗan wasan da ya amsa laifi da wuri yana samun sassauci. Wanda ya ƙi amsawa, ko yake ganin an ɗora laifinsa a ajin da ya yi nauyi, yana zuwa gaban kwamitin, galibi tare da lauya, kuma idan ya faɗi hukuncinsa yana ƙaruwa. A NRL tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ta jihar New South Wales, Geoff Bellew, ya daɗe yana shugabantar wannan kwamiti. Laifuffuka mafi muni ana tura su can kai tsaye.

Kaso mai yawa na abin da 'yan kallo ke kira rashin daidaito yana fitowa ne daga wannan rabon aiki. Alƙalin fili yana yanke hukunci cikin daƙiƙoƙi, kwamitin bita yana da sa'o'i da kusurwoyin kyamara da yawa, kwamitin shari'a kuma yana sauraron hujjar lauyoyi kan ma'anar kalmomin doka.

Sauye-sauyen ma'auni

A farkon shekarun 1980, lokacin da lauya Jim Comans yake shugabantar kwamitin shari'a a Sydney, an yi amfani da dogayen dakatarwa don kawar da ƙazamin wasa. An dakatar da Les Boyd wata 12 bayan ya karya muƙamuƙin Darryl Brohman da gwiwar hannu a shekarar 1983, sannan aka sake dakatar da shi wata 15 a shekarar 1984 saboda tsokane ido. Hukuncin wancan zamani ya dogara sosai ga ra'ayin kwamiti.

Domin rage dogaro da ra'ayi, NRL ta yi shekaru tana aiki da tsarin maki. Kowane laifi yana da makinsa, maki 100 na nufin dakatarwar wasa ɗaya. Ana rage kashi 25 cikin ɗari ga wanda ya amsa laifi da wuri, ana ƙara nauyi ga wanda ya yi laifi a shekaru biyun baya, makin da ya rage ƙasa da 100 kuma yana bin ɗan wasa zuwa tuhuma ta gaba. Tsarin yana da daidaito a lissafi, amma mai kallo bai san tarihin kowa ba. Yakan ga mutum biyu sun yi abu ɗaya, ɗaya ya buga wasa na gaba, ɗaya ya zauna a gida.

Daf da fara kakar 2022 hukumar ta soke tsarin makin, ta share tarihin laifin kowa, ta kawo jadawali mai sauƙi: kowane laifi da ajinsa yana da ƙayyadadden hukunci a karo na farko, na biyu da na uku, kuma ƙananan laifuffuka da dama tara ake biya a kansu. RFL kuwa, wadda ta daɗe tana jera laifuffuka da haruffa daga A zuwa F, ta koma tsarin tara maki na tsawon wata 12 daga kakar 2025. Hukumomin biyu sun yi musayar hanya ke nan a cikin shekaru uku, kowacce da nufin samun adalci da sauƙin fahimta.

Wasan ƙarshe a Ostiraliya

Ƙorafi ya fi zafi idan tuhuma ta zo a makon wasan ƙarshe, domin dokar da ke ƙirga wasanni ba ta bambanta wasan tsakiyar kaka da na cin kofi. Akwai shari'o'i biyar da ake yawan kafa hujja da su.

A shekarar 2008 an dakatar da kyaftin ɗin Melbourne Storm, Cameron Smith, wasa biyu saboda shaƙe Sam Thaiday na Brisbane Broncos. Bai buga wasan ƙarshe ba, Manly kuma ta lallasa Melbourne da maki 40 da nema. A shekarar 2014 Issac Luke na South Sydney ya rasa wasan ƙarshe saboda jifa mai haɗari na aji mafi ƙanƙanta da ya yi wa Sonny Bill Williams, domin laifuffukansa na baya sun ƙara masa nauyi. Ƙungiyarsa ta ci kofin da ta yi shekara 43 tana nema, shi kuwa yana gefen fili.

Shekara guda bayan haka aka tuhumi kyaftin ɗin Brisbane, Justin Hodges, da irin wannan laifi a kan Aidan Guerra. Guerra ya ba da shaidar da ta taimake shi, kwamiti ya wanke shi, ya buga wasan ƙarshe na 2015, wanda shi ne wasansa na bankwana. A shekarar 2018 aka tuhumi Billy Slater na Melbourne da bangazar Sosaia Feki da kafaɗa a bakin layi. Slater ya kare kansa da cewa Feki ne ya canja hanya kuma shi ya yi ƙoƙarin kai hannu. An wanke shi, shi ma ya buga wasan bankwanarsa a wasan ƙarshe, wanda Sydney Roosters ta ci 21 da 6. A shekarar 2024 kuma Nelson Asofa-Solomona na Melbourne ya bugi kan Lindsay Collins a kamun farko na wasan kusa da na ƙarshe. Ya nemi a rage ajin laifin, kwamiti ya ƙi, aka dakatar da shi wasa biyar, Penrith ta ci wasan ƙarshe 14 da 6.

Masu suka suna ganin taurari biyu da ke shirin ritaya sun tsira, wasu uku kuma sun faɗa. Masu kare tsarin suna nuna cewa Smith shi ma babban tauraro ne bai kuwa tsira ba, kuma kowace shari'a an yanke ta ne bisa shaidar da aka gabatar a ranar.

Misalai daga Ingila

A wasan ƙarshe na Super League na shekarar 2014 a filin Old Trafford da ke Manchester, Ben Flower na Wigan ya naushi Lance Hohaia na St Helens, ya sake naushinsa yana kwance. An ba shi jan kati a minti na biyu, aka dakatar da shi wata shida. Kusan babu wanda ya yi jayayya da wannan hukunci, kuma ana kawo shi a matsayin shaida cewa laifin da yake a fili ba ya haifar da gardama. Gardamar tana kan laifuffukan da ke tsaka-tsaki.

A watan Satumba na shekarar 2022 an dakatar da Morgan Knowles na St Helens wasa biyu saboda murɗe hannun Chris Atkin na Salford a wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyarsa ta ɗaukaka ƙara aka yi watsi da ita. Washegari ta sake ɗaukakawa, wani kwamitin ya soke hukuncin bisa dalilin cewa hannun bai wuce iyakar motsinsa na halitta ba. Knowles ya buga wasan ƙarshe, St Helens ta doke Leeds Rhinos 24 da 12, ta ɗauki kofi karo na huɗu a jere. Bidiyo ɗaya ya samar da hukunci biyu masu karo da juna a cikin kwana biyu.

A watan Fabrairu na shekarar 2024, ana cikin tsaurara doka kan bugun kai, an ba Fa'amanu Brown na Hull FC jan kati saboda kansa ya haɗu da na Ben Currie na Warrington ba da niyya ba. 'Yan wasa da masu horarwa sun yi ca a kan hukuncin. Kwamitin bita bai tuhume shi ba, RFL kuma ta gyara ƙa'idar da aka yi aiki da ita. Alƙalin ya bi umarnin da aka ba shi ne, sai aka canja umarnin bayan wasan ya wuce.

Aikin ko abin da ya haifar

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko za a hukunta abin da ɗan wasa ya aikata ne ko kuwa raunin da ya biyo baya. A ranar 24 ga watan Maris, 2014, 'yan wasan Melbourne uku sun kama Alex McKinnon na Newcastle Knights, aka ɗaga shi ya sauka da ka, ƙasusuwan wuyansa biyu suka karye, ya samu shanyewar jiki. An dakatar da Jordan McLean wasa bakwai, kuma kwamiti ya yi la'akari da girman raunin. Wasu sun ce an yi ɗagawa irin wannan sau da yawa ba tare da dogon hukunci ba domin babu wanda ya ji ciwo. Wasu kuma sun ce wasa bakwai bai kai komai ba idan aka auna da abin da McKinnon ya rasa.

Idan aka hukunta aiki kaɗai, wanda ya karya ƙashin mutum zai iya komawa fili bayan mako guda alhali wanda aka raunata yana jinya ta watanni. Idan aka hukunta sakamako, sa'a ce za ta raba tsakanin mutum biyu da suka yi motsi iri ɗaya. Hukumomin biyu suna haɗa ma'aunan ne, kuma yawan nauyin da ake bai wa kowanne yana hannun 'yan kwamiti. Dakatarwar wasa huɗu da aka yi wa Patrick Carrigan na Brisbane a shekarar 2022, bayan ya faɗa kan ƙafar Jackson Hastings ta karye, ta sake tayar da wannan muhawara.

Laifin cizo yana nuna yadda suna ɗaya kan rufe ayyuka mabambanta. An dakatar da James Graham wasa 12 saboda cizon kunnen Billy Slater a wasan ƙarshe na 2012. Kevin Proctor ya samu wasa huɗu a shekarar 2020, Jack Wighton wasa uku a 2023, Kyle Flanagan wasa huɗu a 2024. A shari'ar Proctor da ta Wighton, hannun abokin karawa ne ya danne bakin wanda ake tuhuma ana cikin kamu, kuma an yi muhawara kan wannan a gaban kwamiti.

Tsaurarawa a tsakiyar kaka

Wani tushen ƙorafi shi ne canja tsananin hukunci bayan an riga an fara gasa. Bayan Paul Gallen ya naushi Nate Myles a wasan State of Origin na farko na shekarar 2013, wato karawar da ake yi tsakanin jihohin New South Wales da Queensland, NRL ta ba da umarnin fitar da duk wanda ya yi naushi na minti goma. Wannan umarni ya dore, domin naushi abu ne da ake gani ƙarara, kuma faɗa ya ragu ƙwarai a wasan.

Bugun kai bai zo da sauƙi haka ba. A watan Mayu na shekarar 2021, a makon Magic Round da ake buga dukkan wasanni a birnin Brisbane, hukumar ƙarƙashin shugabancin Peter V'landys ta umarci alƙalai su tsananta. A wannan ƙarshen mako kaɗai an fitar da 'yan wasa na minti goma sau 14, an kori uku gaba ɗaya: Josh Papalii, Tyrell Fuimaono da Herman Ese'ese. Ƙungiyar 'yan wasa ta RLPA ta koka cewa ba a yi shawara da ita yadda ya kamata ba. Bayan wasu makonni tsananin ya lafa. A watan Agusta na shekarar, Latrell Mitchell na South Sydney ya bugi fuskar Joseph Manu na Roosters har ƙashin kuncinsa ya karye, amma minti goma kawai aka fitar da shi. NRL ta amsa daga baya cewa kora ce ta dace. An dakatar da Mitchell wasa shida, bai buga wasan ƙarshe ba. An sake ganin irin wannan hawa da sauka a watan Afrilu na shekarar 2025, lokacin da yawan fitar da 'yan wasa a mako guda ya sa hukumar ta taƙaita ikon Bunker na komawa baya ya tono laifin da wasa ya riga ya wuce.

Hukuncin cikin fili yana da tasirin da dakatarwa ba ta gyarawa. Ƙungiyar da aka raunata wa ɗan wasa ba ta amfana da dakatarwar da za a yi daga baya, ƙungiyoyin da mai laifin zai kara da su a makonni masu zuwa ne suke amfana. Tun shekarar 2021 kuma, dokar NRL ta ba ƙungiya damar shigo da ɗan wasa na 18 idan an raunata nata ta hanyar ƙeta, amma da sharaɗin an fitar da mai laifin ko an kore shi. A wasan State of Origin na farko na 2024 an kori Joseph Sua'ali'i kafin a cika minti goma saboda bugun kan Reece Walsh, Queensland ta ci 38 da 10. Wannan ya nuna yadda kora da wuri ke juya wasa, shi ya sa ake zargin alƙalai da ɗari-ɗari da ita a manyan wasanni.

Lafiyar ƙwaƙwalwa da shari'ar kotu

Dalilin da ya sa hukumomi ke komawa ga tsaurarawa duk da suka shi ne raunin ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi wa ƙwaƙwalwar Steve Folkes da ta Paul Green bayan rasuwarsu, dukansu tsofaffin 'yan wasa kuma masu horarwa a Ostiraliya, ya gano cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai. A Ingila, wasu tsofaffin 'yan wasa, cikinsu har da Bobbie Goulding, sun sanar a shekarar 2021 cewa za su kai RFL ƙara bisa zargin ba ta kare su daga wannan haɗari ba.

NRL ta sanya likita mai zaman kansa a Bunker daga shekarar 2022, sannan ta wajabta hutun kwana 11 ga wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa daga shekarar 2023. A watan Disamba na 2023 RFL ta amince da shawarwari 44 na kwamitocinta na lafiya, ciki har da saukar da iyakar kamu zuwa hammata a wasannin yara da na masu son kai. Ta wannan fuska daidaiton hukunci yana da amfani biyu. Ɗan wasa ba zai canja yadda yake kamu ba sai ya tabbata cewa horon zai zo a kowane mako. Hukuma kuma tana buƙatar nuna wa kotu cewa dokar da ta rubuta tana aiki da ita.

Ra'ayoyi da shawarwari

Akwai masu ganin a bai wa wasan ƙarshe nauyi na musamman, ta yadda ƙaramin laifi ba zai hana mutum buga shi ba. Masu adawa da haka suna cewa kan ɗan wasa ba ya ƙara ƙarfi a watan wasan ƙarshe, kuma sassauci a lokacin da wasa ya fi zafi zai ƙara haɗari. Tsarin tara shi ma yana da masu suka, domin kuɗin da ba zai dami babban tauraro ba yana iya zama kaso mai tsoka na albashin matashin da ya fara wasa. Akwai kuma batun lauyoyi: ƙungiya mai ƙarfi tana iya ɗaukar ƙwararru da masana motsin jiki, abin da ke sa sakamakon ƙara ya dogara da wanda ya shigar da ita.

Sauran shawarwarin da ake yawan kawowa sun haɗa da rage yawan jami'an da ke zama a Bunker domin hannu ya zama ɗaya, da wallafa dalilan kowace tuhuma, da sanar da duk wani canjin fassara kafin a fara kaka. Hukumomin sun ɗauki wani ɓangare na wannan. RFL tana wallafa bayanan kwamitin bita da na shari'a, shugaban sashen wasanni na NRL, Graham Annesley, kuma ya yi shekaru yana zama da 'yan jarida bayan wasannin mako yana bayyana hukunce-hukuncen da aka yi gardama a kansu, wani lokaci yana amsa kuskure.

Halin da ake ciki

Hukunci guda a zari-ruga na Lig yana ɗauke da ma'aunai huɗu a lokaci ɗaya: abin da aka aikata, halin mai aikatawa, raunin da ya faru, da tarihin ɗan wasan. Mai kallo na farkon kaɗai yake gani a talabijin. Sauye-sauyen 2022 a Ostiraliya da na 2025 a Ingila sun sauƙaƙa lissafin horo bayan an ajiye laifi a ajinsa, amma ajiyewar kanta har yanzu aikin mutane ne masu kallon bidiyo, kuma a nan ne yawancin ƙararraki ke tsayawa. Shari'o'in da aka ambata sun nuna cewa dokar da take da iyaka bayyananna, kamar ta naushi, ta zauna da gindinta cikin ɗan lokaci, yayin da dokar bugun kai, wadda ta dogara da auna ƙarfi da niyya da motsin wanda aka buga, take ci gaba da sauyawa daga kaka zuwa kaka.